Suturar Mai Tuƙa Allo a Kan Ruwa



Sharhinmu na yau ya shafi wani wasa ne wanda a cikin 'yan shekarun nan ya game tekuna da tafkuna da kogunan Turai da Amurka da Ostireliya, har ya zama da wuya mutum ya je bakin ruwa a can ranar hutu, lokacin zafi, bai tarar da ma'abotansa tsaitsaye a kan ruwa ba. Da yake kuwa 'ya'yanmu da ƙannenmu da yawa suna zaune a waɗannan ƙasashe, wasu neman ilimi ya kai su, wasu fatauci, wasu ma can aka haife su, na ga ya dace a yi magana a kansa da harshen da iyayensu ke ji. Wasan shi ne mutum ya sami wani allo, tsawonsa ya kai mita 3 ko ya ɗara kaɗan, faɗinsa kamar santimita 80, ya ɗora a kan ruwa, ya hau ya miƙe tsaye, ya riƙa tuƙawa da dogon filafili mai baki ɗaya. Yawancin allunan yanzu na roba ne, ana hura musu iska da famfo har su yi tauri, in an gama a sace iskar a naɗe a sa a jaka, kuma wannan sauƙi shi ya jawo mutanen da ba su taɓa sanin halin ruwa ba suka shigo cikin sha'anin.

Tuƙi a tsaye ba baƙon abu ba ne ga wanda ya taɓa ganin Sarkawa a kan kogin Kwara, ko Buduma a tafkin Chadi, amma wannan wasa, a surar da aka san shi yau, asalinsa tsibiran Hawai ne da ke tsakiyar tekun Fasifik. A bakin ruwan Waikiki, a tsakiyar ƙarnin da ya wuce, akwai samarin da sana'arsu ita ce koya wa baƙi hawan raƙuman ruwa, wanda ya fi shahara a cikin jama'arsu kuwa shi ne Duke Kahanamoku, mutumin da ya ci lambar zinariya ta ninƙaya a wasannin Olamfik na 1912 da na 1920. Daga cikin waɗannan ma'abota bakin ruwa ne wasu, irin su John Ah Choy da 'ya'yansa, suka ɗauki al'adar tsayawa a kan allo da filafili a hannu, domin su hango almajiransu daga nesa, su ga raƙumin ruwa tun kafin ya iso, su kuma ɗauki hoton baƙi ba tare da na'urar ta jiƙe ba. Abin ya zauna a matsayin al'adar 'yan ƙalilan, sai a farkon shekarun 2000 Laird Hamilton da Dave Kalama suka raya shi a tsibirin Maui, hotunansu suka bazu, duniya ta ɗauka.

To, a nan ne illar take, kuma ita ce dalilin wannan sharhi. Ruwan Waikiki ruwa ne mai ɗumi, duk shekara yana tsakanin digiri 24 zuwa 27 a ma'aunin Salshiyos, saboda haka hoton da ya yi wa wasan rakiya zuwa sauran ƙasashe hoto ne na mutum da gajeren wando, ba riga ba takalmi, rana na haska shi. Hoton ya isa Birtaniya da Kanada da Jamus, ɗumin ruwan kuwa bai bi shi ba. Ƙungiyar RNLI, wadda tun 1824 take ceton mutane a tekunan Birtaniya da Ailan, ta bayyana cewa matsakaicin sanyin ruwan waɗannan ƙasashe digiri 12 ne, alhali kuwa masana sun tabbatar duk ruwan da ya gaza digiri 15 yana iya gigita wanda ya faɗa cikinsa ba shiri. Ƙa'idar da nake so mai sauraro ya riƙe ke nan: mai hawa allo ya zaɓi tufafinsa bisa ga ruwan da zai faɗa ciki, domin faɗawar tana nan tafe, ko ba jima ko ba daɗe, ga gwani da ɗan koyo baki ɗaya, iskar da yake tsaye a cikinta kuwa, komai daɗinta, shaidarta ba ta isa a gina hukunci a kanta ba.

Ya kamata mu tsaya mu duba abin da ke faruwa ga jikin ɗan Adam a wannan lokaci, domin wanda ya san sababi ya fi saurin karɓar nasiha. Ruwa yana janye ɗumin jiki fiye da yadda iska ke yi har ninki 25 ko kusa da haka, kuma da zarar ruwa mai tsananin sanyi ya taɓa fata gaba ɗaya, mutum zai ja wani dogon numfashi wanda ba da nufinsa ba, ba kuma ya da ikon hana shi. In ya zamana kansa na ƙarƙashin ruwa a wannan daƙiƙa, to, ruwa ya shaƙa. Bayan wannan sai haki ya biyo baya, zuciya ta riƙa bugawa da sauri, jini ya hau, hankali ya tashi, har mutumin da ya gwanance da ninƙaya a ruwan ɗumi ya kasa tuna yadda ake yi. Farfesa Gordon Giesbrecht na Jami'ar Manitoba a Kanada, wanda ya shafe shekaru yana binciken wannan al'amari, ya taƙaita shi da lissafi mai sauƙin riƙewa: kamar minti 1 ne mutum ke da shi ya shawo kan numfashinsa, sannan kamar minti 10 da hannuwa da ƙafafu za su yi masa biyayya kafin sanyi ya kashe su, sannan kamar awa 1 kafin ya fita hayyacinsa. Mai sauraro ya lura da minti goman nan na tsakiya, gama a cikinsu ne ake bukatar mutum ya kamo allonsa, ya ja jikinsa ya hau, kuma yatsun da suka sandare ba sa iya wannan aiki. Lokacin da ya fi yaudara kuwa shi ne watannin Afrilu da Mayu, sa'ad da rana ta fara ɗumi a waɗancan ƙasashe mutane suka tuɓe rigunan sanyi, teku kuwa tana nan da sanyin hunturun da ya wuce, domin ba ta kai matuƙar ɗuminta sai wajen Agusta ko Satumba.

Abu na farko da za a bari a gida shi ne auduga. Na san wannan magana tana da nauyi a kunnen Bahaushe, wanda ya gaji noman auduga da kaɗi da saƙa kaka da kakanni, kuma a tudu babu tufar da ta kai ta daɗi a jiki. Amma a ruwa halinta na sauyawa: tana shan ruwa ta riƙe, ta yi nauyi, ta manne wa fata, ta ƙi bushewa, iska kuma na bi ta kanta tana kwashe ɗumin jiki, daidai da hikimar da ke sa ruwan tulu ya yi sanyi in an ajiye shi inda iska ke kaɗawa, sai dai a nan jikin mutum ne tulun. Saboda haka singileti da wandon jins da rigar sanyi ta auduga duk ba su da gurbi a kan allo. Abin da ya dace da ranar da ruwa ke da ɗumi shi ne yadin roba mara nauyi, irin na 'yan ƙwallo, wanda ke zubar da ruwa ya bushe nan da nan, ko kuwa ulu mai laushi, wanda ko ya jiƙe yana riƙe wani abu na ɗumi.

Idan kuwa ruwan na da sanyi, sai a koma ga rigar roba mai kama jiki, wadda ake yi da wani irin roba mai suna niyofirin, da kamfanin DuPont ya ƙago a 1930. Wani masanin kimiyya na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, mai suna Hugh Bradner, shi ake danganta wa ƙirƙiro rigar a wajen 1952, a shekarar ta 1952 kuma Jack O'Neill ya buɗe shagonsa a San Francisco, shi ne kuma daga baya ya yaɗa ta a kasuwa. In ka yanki gefen wannan roba ka duba da kyau, za ka ga cike yake da 'yan ƙananan kumfa na iska, rufaffu, kowane a ɗakinsa, kuma waɗannan kumfa su ne ke tsare ɗumi. Rigar ba ta hana ruwa shiga; tana barin ɗan kaɗan ya kutsa ta wuya da wuyan hannu, ya tsaya tsakaninta da fata, jiki ya ɗumama shi, ya zauna nan. Daga wannan za a gane cewa girmanta shi ne rabin amfaninta, domin wadda ta yi wa mutum yawa, ta yi aljihu a hammata ko a gadon baya, sabon ruwa mai sanyi zai riƙa shiga yana korar mai ɗumi, mai ita ya biya kuɗi bai sami fa'ida ba. A jikinta za a ga an rubuta lambobi biyu, kamar 3/2 ko 4/3 ko 5/4: na farko kaurin robar ƙirji da baya ne da milimita, na biyu na hannuwa da ƙafafu, inda aka rage kauri don gaɓoɓi su sami motsi.

Sai dai akwai wata matsala da ta keɓanci mai tuƙi a tsaye, wadda mai ninƙaya bai san ta ba, ita ce shi yawancin lokacinsa a wajen ruwa yake, yana aiki da kafaɗu, rana na dukansa, don haka riga mai kauri takan dafa shi da gumi, ta goge masa hammata, har zuciya ta raya masa ya zuge zif ya saukar da ita zuwa ƙugu, wanda yin haka daidai yake da rashin sa ta. A ganina mafita mafi kyau ga matsakaicin yanayi ita ce irin rigar robar nan mai dogon wando wadda ba ta da hannuwa, a ɗora mata wata 'yar riga mara nauyi mai tare iska a sama, ta yadda ƙirji da ciki da cinyoyi suna rufe, kafaɗu kuwa suna sake. Wanda ya ɗauri aniyar fita cikin tsakiyar hunturu, wannan sai riga mai tsare ruwa ɗungum, wadda ke da roba mai matsewa a wuya da wuyan hannu, a sa kayan ɗumi a ƙarƙashinta. Tana da tsada, amma wanda ba zai iya sayenta ba ya fi masa alheri ya jira watan Yuni. Ƙafafu kuma kada a manta da su, gama su ne kullum cikin jiƙa, su ne kuma ke taka duwatsu da fasassun kwalabe a bakin gaɓa. Takalmin roba mai kama ƙafa ya wadatar, silifa kuwa ruwa zai tafi da ita tun faɗuwar farko.

Yanzu mu zo ga tufar da na fi damuwa da ita, wato rigar ceto, wadda matasa ke ƙyama don suna ganin tana rage kwarjini, ko tana nuna mutum bai iya ruwa ba. A watan Agusta na 2020, wasu 'yan mata biyu 'yan uwan juna, ɗaya mai shekara 23 ɗaya mai 17, suka fita da allunansu da maraice daga wani bakin ruwa a mashigin tekun Galway, a yammacin Ailan, da niyyar ɗan zagaye kaɗan su dawo. Iskar da ke busowa daga tudu ta tura su cikin teku, suka yi ta tuƙi ba su iya komowa ba, dare ya yi, aka yi ruwan sama da tsawa, su kuwa ba abin da ke jikinsu sai kayan wanka da rigunan ceto. Suka ɗaure allunan biyu wuri guda, suka kwana a kansu, da gari ya waye suka sami alamar tarkon wani masunci tana yawo suka riƙe, har wani masunci da ɗansa suka tarar da su kusa da tsibirin Inis Oírr bayan kamar awa 15. Allah Ya kuɓutar da su, kuma daga cikin sabuban da Ya sanya akwai rigunan nan, da rashin rabuwa da allo. Abin da suka rasa, wato rigar roba, shi ya sa suka kwana suna rawar ɗari a watan da ake kira na zafi.

Rigar ceton iri-iri ce, kuma bambancinsu ba ƙarami ba ne. Akwai mai ƙarfin ɗagawa na niyuton 50, wadda ke taimaka wa mai hankalinsa a jiki, wanda ya iya ruwa, ya tsaya a sama ba wahala, ita ce kuma yawancin masu allo ke sawa don ba ta hana tuƙi. Akwai kuma mai niyuton 150, wadda aka ƙera domin ta juyo da fuskar mutum sama ko da ya suma. Akwai wata da ake ɗaurawa a ƙugu kamar ɗamara, sai an ja igiya take cika da iska, amma ni ban yarda a ba ɗan koyo ita ba, domin mutumin da sanyi ya gigita, yana haki, ba lalle ne ya tuna da wata igiya ba. Hukumar tsaron gaɓar tekun Amurka, tun 2008, ta ɗauki wannan allo a matsayin jirgin ruwa muddin ya fita daga wuraren wanka da hawan raƙuman ruwa, ta wajabta wa mai shi rigar ceto da abin busawa kamar usur. Mu kuwa muna da hujjar da ta riga wannan doka da ƙarnuka, gama malaman usulu, irin su Imam Gazali da Imam Shaɗibi, sun ƙidaya kiyaye rai a cikin larurori biyar da shari'a ta zo domin tsare su, kuma riƙo da sababi bai taɓa zama kishiyar tawakkali ba a wurin ma'abota ilimi. Wanda ya tuna jirgin da ya kife a Warra ta jihar Kebbi a watan Mayu na 2021, da wanda ya kife da 'yan biki a yankin Patigi na jihar Kwara a watan Yuni na 2023, inda sama da mutum 100 suka riga mu gidan gaskiya, ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a kan darajar wannan riga. Allah Ya jiƙansu da rahama.

Sai igiyar da ke haɗa mutum da allonsa, wadda ita ma sutura ce tun da a jiki ake ɗaura ta. Amfaninta a bayyane yake: allon da aka hura da iska ba shi da nauyi, in mutum ya faɗi iska kan tafi da shi da saurin da mai ninƙaya ba zai cim masa ba. A tafki ko a teku mai kwanciya, igiyar da ake ɗaurawa a idon sawu ta isa. Amma a ruwa mai gudu, wannan igiya da kanta takan zama ajali, domin in ta sarƙe da reshe ko da sarƙar jirgi, ruwa zai ja allo gefe ɗaya, ya ja mutum gefe ɗaya, ya miƙar da shi ƙafa a gaba kai a ƙarƙashi, kuma babu mai ƙarfin cikin da zai iya lanƙwasowa gāba da ruwa ya kai hannu idon sawunsa ya ɓalle ta. Haka ta faru ga wani mutum a mashigin kogin Camel da ke Cornwall a watan Agusta na 2020, igiyarsa ta sarƙe a maɗaurin wani jirgi, ya rasu. Maganin wannan shi ne ɗamarar ƙugu mai saurin kwancewa, wadda ke da wani ɗan ƙwallo a gaba, daidai cibiya, inda kowane hannu ke kaiwa; ja ɗaya, ɗamarar ta zare, mutum ya rabu da allo.

Ranar 30 ga Oktoba, 2021, ayarin masu hawa allo mutum 9 suka shiga kogin Cleddau a garin Haverfordwest na ƙasar Wales, bayan an tafka ruwan sama kogin ya cika, suka gangara kan wata 'yar madatsar ruwa da ke tsakiyar gari, ruwan da ke juyawa a gindinta ya riƙe su, mutum 4 suka rasu. Hukumar binciken haɗurran ruwa ta Birtaniya, a rahotonta na 2022, ta ambaci cewa tufafin ayarin da rigunan cetonsu da igiyoyinsu ba su dace da abin da aka sani na shiga ruwa mai gudu ba, kuma a 2025 kotu ta ɗaure wadda ta shirya tafiyar shekara 10 da rabi. Adalci ne in faɗa cewa babban kuskuren ranar shi ne shiga kogin da tunkarar madatsar, kuma babu rigar da ke mai da mummunan tadbiri ya zama kyakkyawa. Amma waɗanda suka biya kuɗi suka bi ayarin sun miƙa amanarsu ne ga wanda suke zaton ya sani, shi ya sa nake roƙon matasanmu su koyi waɗannan abubuwa da kansu, su iya duban abin da aka miƙo musu su ce wannan bai dace da wannan ruwa ba.

Na san akwai tambayar da ke zuciyar iyaye tun da na fara magana, ita ce ta al'aura, domin rigar roba, ko da ta rufe jiki tun daga wuya har idon sawu, tana bayyana surarsa. Hukuncin wannan na malamai ne, ni abin da zan faɗa shi ne abin da ruwa ke yi wa tufa. Yalwataccen tufafi, kamar doguwar riga da zane da gyale da babban hijabi, in ya jiƙe yana naɗe ƙafafu, yana tasowa ya rufe fuska, yana kama duk abin da ya ci karo da shi a ƙarƙashin ruwa, saboda haka shiga da shi jefa kai ne cikin halaka. Namiji dai al'amarinsa mai sauƙi ne, ya ɗora wando mai kaiwa gwiwa a kan rigar robar. Mata kuwa, wata 'yar Ostireliya haifaffiyar Labanan, Aheda Zanetti, ta fitar musu da kayan wanka a 2004 waɗanda aka sani da burkini: wando dogo, da riga mai saukowa cinya, da hular da ke haɗe da rigar ba sai an soka allura ba, duk da yadi mara nauyi mai saurin bushewa. A 2007 har 'yan mata Musulmi masu aikin ceto a bakin tekun Sidni sun sa irinsa. Sai dai a sani shi sutura yake bayarwa da kariya daga rana, ba ya tsare sanyi, don haka a ruwan Turai sai an sa rigar roba a ƙarƙashinsa, rigar ceto kuma a can sama, an ɗaure ta tamau yadda in an kama kafaɗunta an ja ba za ta haura kunnuwa ba.

Batun rana ba zan tsawaita ba: ruwa na mai do da haskenta sama, baƙar fata ma tana ƙuna, idanu kuma suna wahala, saboda haka riga mai dogon hannu, da hula mai igiya a haɓa, da tabarau mai maɗauri sun wadatar. A rataya usur a jikin rigar ceto, a sa waya cikin jakar da ruwa ba ya shiga a rataya ta a jiki, kada a ɗaure ta a kan allo, gama allon na iya tafiya ya bar mai shi. Kafin kuma a yi nisa da gaɓa, ranar farko da aka sa sababbin kaya, a tsaya inda ruwa bai wuce ƙirji ba, tare da wani yana kallo, a faɗa ciki da gangan, a kwanta rigingine har numfashi ya daidaita, a ja ƙwallon ɗamara a ga ko tana kwancewa, a gwada hawa allo da rigar ceto a jiki. Abin da ya matse ko ya zame ko ya ƙi kwancewa, a nan ne za a gane shi, a fito a gyara.